Kunnen Faranti: Ɗan Bayani a Kan LNB

'Yan'uwana ɗalibai, a hutun da ya wuce saura kaɗan in jawo wa gidanmu asara saboda rashin sani. Muna zaune a Sabo, Ibadan, sai tashoshin satalayit ɗinmu suka ragu, wasu suna fitowa tar, wasu kuwa ko alamarsu babu. Nan take na yanke hukunci dikoda ce ta lalace, har na shawo kan Baba ya sayi sabuwa. Allah ya sa aka fara kiran mai gyara. Shi kuwa ko kallon dikodar bai yi ba, rufi ya hau. Abin da na koya daga wannan rana, da wanda na ƙara bincikawa, shi nake son mu duba tare.

Faranti dai ba ya kama komai da kansa. Tauraron ɗan'adam yana can sama, nisan kilomita 35,786, saboda haka siginar takan iso ƙasa a raunane. Aikin faranti shi ne ya tattaro ta ya mayar wuri guda, kamar yadda mutum kan sa tafin hannu a bayan kunne don ya ji magana daga nesa. Kunnen kuwa shi ne ɗan abin nan da ke maƙale a kan sanda yana fuskantar farantin, wato LNB.

Aiki biyu yake yi. Yana ƙara wa siginar ƙarfi, sannan ya sauko da ita zuwa zangon da waya za ta iya ɗauka. Ƙananan farantai irin namu suna karɓar zangon Ku, daga megahaz 10,700 zuwa 12,750. In aka zuba wannan a wayar kebul, kafin ya kai falo ya shanye. Don haka LNB kan cire 9,750 ko 10,600 daga abin da ya karɓa. Alal misali, tashar da ke kan 11,200, in an cire 9,750, saura 1,450 ke nan, kuma dikoda tana karɓar daga 950 zuwa 2,150. Waɗannan lambobi biyu su ne mai karatu ke gani a shafin saitin dikoda. Manyan farantan nan na zangon C kuwa lambarsu 5,150 ce. Wanda ya sa lambar wani a gurbin wani, sai ya yini yana juya faranti a banza.

Yanzu ga inda matsalarmu take. LNB ba shi da wayar wuta tasa, dikoda ce ke aika masa wuta ta wayar nan guda da sigina ke saukowa. Da wannan wutar kuma take ba shi umarni. Bolt 13 na nufin ya saurari siginar da ke zuwa a tsaye, bolt 18 kuma wadda ke zuwa a kwance. Akwai kuma wani siririn sauti na kilohaz 22 da ke ce masa ya koma zangon sama. To, ruwan sama ya shiga mahaɗar wayarmu ya sa ta tsatsa, wutar ba ta isa da cikakken ƙarfinta. Tashoshin kwance duk suka ɓace, na tsaye suka rage.

Kada a haɗa wannan da ɗaukewar hoto lokacin da ake tsuga ruwa, abin da mu mazauna Kudu muka saba da shi. Wancan ɗigon ruwa ne ke shanye siginar Ku a sama, da an ɗauke ruwa hoto zai dawo.

Mai gyaran ya ce in kashe dikoda tukuna, don kada wayar ta haɗa wuta. Ya yanke ruɓaɓɓen bakin wayar, ya sa sabuwar mahaɗa, ya naɗe da tef. Kafin ya sauko daga tsani, ƙannena sun fara gardama a kan tashar da za a kalla.