Amsoshin Tambayoyinku: Ko In Saka Wa Tsohuwar Motata MGB Obadiraib?

Tambaya: Ina zaune a Manchesta ta Ingila, kuma na sayi MGB ƙirar 1972 mai giya huɗu. A cikin gari ba ta da laifi, amma da na hau babbar hanya na kai mil 70 sai injin ya cika mini kunne da ƙara, hannuna ya riƙa laluben giya ta biyar da babu ita. An ce in saka mata obadiraib. Mene ne shi, kuma aikin ya cancanci wahalarsa?

Amsa: Motarka lafiyarta ƙalau, haka aka ƙera ta. A giya ta huɗu, duk juyi 1,000 da injin MGB ya yi a minti ɗaya yana ba ka kamar mil 18 a awa, ka ga kenan a mil 70 yana dab da juyi 3,900. Injin nan mai cc 1,798 zai jure, amma kai da ke zaune kusa da shi za ka ji a jikinka. Da obadiraib, juyin zai sauko wajen 3,200 a wannan gudun. Ƙara ta ragu, shan mai ya ragu a doguwar tafiya, injin ya samu sarari. Sai dai kada wani ya ruɗe ka: ba ya ƙara wa mota ƙarfi. In gudu kake nema, ba nan yake ba.

Shi obadiraib ƙaramin akwatin giya ne da ake ɗaurawa a bayan giyabos, kafin farfela. Wani injiniya ɗan Ingila, Edgar de Normanville, shi ya tsara irin wanda ke cikin waɗannan motoci, kamfanin Laycock na birnin Shefil kuma ya riƙa ƙera shi. Triumph da Austin-Healey da Jaguar da Volvo duk sun yi amfani da shi. Masana'antar MG da ke Abingdon ta fara saka wa MGB a 1963 ga wanda ya ƙara kuɗi, sai a 1975 ya zama kowace ta kasuwar Birtaniya da shi take fitowa. Mai motarka na farko bai biya wannan ƙarin ba ne kawai.

Yana da kyau ka san abin da ke cikinsa, domin daga nan za ka gane duk sauran maganar. Akwai giya guda a tsakiya, ƙananan giyoyi suna kewaye da ita, sannan wani zobe mai haƙora ta ciki ya rufe su duka. In obadiraib yana kashe, sifirin ne ke danne wani kuloci mai siffar mazurari, ya haɗe su su juya tare kamar ƙarfe ɗaya. Da ka taɓa makunni, lantarki zai ja wani ɗan maganaɗisu da makanikai ke kira solenoyid, ya tare hanyar mai. Famfon da ke ciki, wanda sandar giyabos ke bugawa, sai ya tara ƙarfin mai ya tura fistin biyu, su ja mazurarin nan ya riƙe giyar tsakiya cak. Daga nan dole ƙananan su zagaya ta, su kori zoben waje ya fi sandar da ta shigo sauri. A irin wanda ya dace da motarka, a giya ta huɗu injin zai yi juyi 82 farfela ta yi 100. Ba ka taka kuloci ba, ba ka cire hannu daga sitiyari ba sai don taɓa makunni. Cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu za ka ji muryar injin ta sauko. A giya ta uku ma yana aiki, kuma a hanyoyin ƙauyen Ingila masu lanƙwasa nan ne daɗinsa yake: uku, uku da obadiraib, ka dawo uku, duk da ɗan yatsa.

To, ga inda mutane ke asarar kuɗi. Ba a sayen obadiraib shi kaɗai a manna wa giyabos ɗin da kake da shi, domin babbar sandar da ke ciki daban ce, sai an farke akwatin gaba ɗaya an canza ta. Ka nemi cikakken giyabos da obadiraib ɗinsa a jiki, wanda aka sabunta, ko wanda aka gwada a gabanka. Kuma iri biyu ne. MGB na farko, zuwa 1967, nau'in D suke ɗauka. Daga ƙarshen 1967 aka faɗaɗa ramin giya aka koma sabon giyabos da nau'in LH, shi ne naka. Ka yi sa'a a nan, domin a waɗannan shekarun tsawon giyabos mai obadiraib da marar shi ɗaya ne, farfelarka za ta zauna yadda take. Ka duba ɗan allon da ke jikin obadiraib ɗin: baƙi na motoci irin taka ne, shuɗi na waɗanda suka biyo baya masu bamba ta roba. Shuɗin zai shiga, amma giyar da ke juya wayar maleji ba ɗaya ba ce, malejinka zai riƙa yi maka ƙarya, a ƙasar da kyamara ke jiran mai wuce ƙa'ida.

Aikin kansa ba ƙarami ba ne. Giyabos ɗin MGB ba ya fita ta ƙasa, sai an ciro injin, kuma yawancin makanikai tare suke zaro su biyun ta gaba, a karkace. Tunda an riga an sha wannan wahala, a sa sabon kuloci, da ɗan zoben gawayin da ke danna shi, da robar da ke tare mai a bayan injin. Kayan ba su da tsada in aka gwada da kuɗin sake sauke inji bayan wata shida.

Abu ɗaya nake roƙonka kada ka yi sake da shi. A saman giyabos akwai wani ɗan makunni da ke yanke wuta in ba a giya ta uku ko ta huɗu kake ba. A cikin obadiraib akwai wani kuloci mai ƙananan gora na ƙarfe da ke yarda da juyi ta gefe ɗaya kawai. Ka sa ribas obadiraib yana kunne, ka fasa shi, wani lokacin har da gidansa. Akwai masu haɗa waya kai tsaye su ce ai za su riƙa tunawa su kashe. Ranar da aka matsa maka da hon a wurin fakin ba za ka tuna ba. A gwada wannan makunni da fitilar gwaji tun giyabos yana ƙasa, domin in ya shiga mota hannu da ƙyar yake kai wa gare shi. A sa fis a layin kuma, don wayar tana bi ta wuri mai zafi da motsi.

Mai kuma, baƙin mai na inji 20W/50 MG ta ce a zuba, lita uku da ɗan wani abu, shi ne ke yi wa giyabos da obadiraib aiki tare. Kada a zuba mai kaurin nan na difaransha, kada a ƙara masa maganin santsi, mazurarin nan da kamu yake aiki.

Za ka ji masu cewa ka manta da duk wannan ka sa giya biyar ta Ford Type 9, wadda aka san ta a Sierra, ko ta Mazda MX-5. Suna da hujja: babu famfo, babu solenoyid, kuma giya ta biyar ta Ford kusan daidai take da abin da LH ke bayarwa. Ni dai a MGB ta 1972 na fi son obadiraib. Da shi aka tsara motar, ba a yanka komai a jikinta, kuma masu sayen tsofaffin motoci suna nemansa in ka tashi sayarwa. Ƙungiyoyi irin su MG Owners' Club da MG Car Club za su nuna maka masu sabunta shi a kusa da kai. Ka sanar da kamfanin inshorarka an yi canjin.

Ranar gwaji, ka bari mai ya ɗumama, ka kai mil 40 a giya ta huɗu, ka ɗan danna totur, sannan ka taɓa makunnin. In zai fita ma kada ka saki totur gaba ɗaya, don kada motar ta yi tirjiya. In ya ƙi shiga, kada hankalinka ya tashi ka ce a sake sauke inji: fara da yawan mai, sai fis da waya, sai ɗan makunnin saman giyabos, sannan solenoyid da matatar mai, waɗanda duka biyun ana kwance su ta ƙarƙashin mota.