Yadda Ake Huda Ƙwallon Bolin da Gyara Fatarta

Ƙwallon bolin ta masu gasa ba ta zuwa da ramuka daga masana'anta. A dunƙule take fitowa daga kwali, faɗinta inci 8 da rabi, nauyinta kuma doka ba ta yarda ya wuce kilo 7 da kwata ba. Sai mai ita ya kai ta shagon mai huda, irin ɗan shagon da ake samu a gefen zaurukan bolin a Amurka, a can za a yanke inda yatsu za su shiga. Wanda bai san wasan ba zai ce ai ko'ina aka huda daidai ne. Abin da bai sani ba, a cikinta akwai ƙwaya mai nauyi wadda ba a mulmule take ba, wata doguwa, wata da ƙusumbi a gefe guda. Yadda ƙwayar nan ta kwanta a hannun mai jifa shi ke sa ƙwallon ta lanƙwasa da wuri ko ta jinkirta.

Lanƙwasar kuwa ita ce wasan. Daga layin jifa zuwa ta farko cikin sandunan da ake son kayarwa ƙafa 60 ne, kuma ana shafa mai a kan kamar ƙafa 40 na farko. Ƙwallon za ta zame a kan man, ta kama busasshen wuri ta karkato, sannan ta mirgina ta shiga tsakanin sanda ta 1 da ta 3, idan da dama ake jifa. Ta karkato da wuri, ƙarfinta ya ƙare kafin ta isa. Ta makara, ta wuce ta gefe.

Don haka mai huda na kirki ba ya fara taɓa sabuwar ƙwallon. Cewa zai yi, ɗauko tsohuwar taka mu je ka jefa in gani. Yana kallon gudun jifar da yawan juyin da hannu ke ba ta. Mai gudu da yawa amma juyi kaɗan yana bukatar ƙwallon da za ta kama ƙasa da wuri. Mai murɗa ta da ƙarfi kuma a hankali yana bukatar wadda za ta yi haƙuri. Da ƙwallon ta dawo, sai ya duba zoben mai na farko da ya kwanta kusa da ramukan yatsu, ya bi shi da fensir mai maiƙo, daga nan ya gano cibiyar juyi, wato wurin da ba ya motsi sa'ad da sauran jikin ke juyawa. Zai manna ɗan farin salatif a wurin ya ce a sake jefawa. Idan ɗigon ya tsaya cak a farkon tafiyar, an dace. Idan yana rawa, a sake awo. Ga yawancin masu dama wurin yana faɗuwa inci 4 zuwa 5 daga tsakiyar riƙo, amma kowa da nasa, kuma duk lissafin da zai biyo baya a kansa yake tsaye.

Sai awon hannu: tazarar babban yatsa zuwa na tsakiya da na zobe, kaurin kowanne, da yadda gaɓoɓi ke lanƙwasuwa. Sabon shiga yakan tura yatsun har gaɓa ta biyu, masu gasa kuwa iyakarsu gaɓar farko, don a nan ake samun murɗi. Ramin babban yatsa in ya matse ya tsaga fata, in ya yi yawa mutum ya riƙa damƙe ƙwallon, jifa ta lalace.

Yanzu a zo kan zane. Kamfani yana sa wani ɗigo mai launi a jikin ƙwallon, shi ke nuna kan ƙwayar, masu sana'ar suna ce masa fin. Tazarar da ke tsakanin fin da cibiyar juyi ita ce babbar magana. Idan an sa ta wajen inci 3⅜, ƙwayar tana fita a karkace, ba ta da natsuwa, sai ta yi ta sauya kwanciya, kowane juyi ƙwallon ta taka ƙasa da sabon wuri mara mai. Za ka ga zoben mai sun baje a jikinta, lanƙwasa kuma ta yi ƙarfi. Idan an kai inci 5 zuwa 6, za ta yi nisa kafin ta juyo. Idan an matso inci 1 ko 2, ta mirgina da wuri a sanyaye, ba tashin hankali. Mo Pinel, wani masanin sana'ar da ya rasu a 2021, shi ya yaɗa tsarin kusurwa biyu da shaguna da yawa ke bi: lambobi uku, misali 50, 4½, 35, wato kusurwa, tazarar fin, da wata kusurwar. Ta farko in ta yi ƙanƙanta ƙwallon ta fara aiki da wuri, ta ƙarshe in ta yi ƙanƙanta juyowar ta zo da kaifi. Ni a ganina wanda ƙwallonsa ɗaya ce bai da abin nema a gefe-gefen lissafin nan. Ya tsaya a inci 4 zuwa 5 da kusurwoyi matsakaita, ya bar ƙwalisa ga mai jaka cike da ƙwallaye.

In an gama zane, a ɗaure ƙwallon a injin huda, a huda, a goge bakin ramuka, a sa robobin yatsu. A da akan ƙara wani rami a gefe don daidaita nauyi, amma hukumar bolin ta Amurka, USBC, ta hana shi daga 1 ga Agusta 2020. Duk ramin riƙo da ke jiki dole yatsa ya shige shi a kowace jifa. Masu jifa da hannu biyu irin Jason Belmonte na Ostireliya, da ba sa sa babban yatsa, ramuka biyu kawai ake yi musu.

Mutane sukan kwana suna gardama kan zane, alhali binciken da USBC ta kammala a 2008 ya nuna kaushin fatar ƙwallon ne kan gaba wajen sarrafa tafiyarta, ya fi ƙwayar tasiri. Taya mai zane da suɗaɗɗiyar taya ba ɗaya suke a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ba. Ana gyara fatar da samfefa mai laushi irin Abralon, mai lamba 500, 1000, 2000 ko 4000. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. A ɗora ƙwallon a faifai mai juyi, a yayyafa ruwa, a danna samfefar da tafin hannu, a juya ta gefe-gefe har ko'ina ya samu daidai. Ana farawa da mai kaushi a hau zuwa mai laushi. Inda mai ya yi yawa, 500 ko 1000 za ta ciji ƙasa tun a tsakiyar hanya. Inda ya bushe, a kai 4000, ko a bi da man sheƙi don ta zame ta adana ƙarfinta. Ga zauren unguwa na yau da kullum, 2000 mafari ne mai kyau.

Sai a koma a jefa. In tana juyowa da wuri ta isa a gajiye, a ƙara lamba. In tana zamewa ta wuce, a rage. Wannan aikin mintuna kaɗan ne, ana iya sakewa gobe. Rami kuwa in an yi shi ba daidai ba, sai an cike shi da ƙaro, a jira ya daskare, a sake hudawa, a sake biya.

Fatar ba ta zama yadda aka bar ta. Mai kaushi tana suɗewa da yawan jifa, mai sheƙi tana dushewa, kuma irin fatar da ta shigo a farkon shekarun 1990 shan mai take yi, shi ya sa ake goge ta bayan kowace jifa, a wanke ta in an tashi. Samfefa kuma kafin gasa ake sa ta. Da an fara ƙirga maki, busasshen tawul kaɗai doka ta yarda ya taɓa ta.