Ina Ruwan Kwata Yake Zuwa?

Jama'a, a watan Oktoba na 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da bahaya a fili. Abin alfahari ne. To amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba: in masai ya cika, ina ake kai abin da ke cikinsa?

A Dutse kowane gida da shaddarsa ko ramin masansa. Ran da ya cika sai maigida ya kira masu kwasa, ko da mota ko da bokiti, ya biya, ya toshe hanci, shi ke nan ya huta. In aka juye kayan a bayan gari, ruwan farko na damina ne zai kwashe su zuwa fadama da rafi. Haka ruwan kwatami, mai kumfar sabulu da jinin mahauta da baƙin man injin. Can gaba kuwa wani na ba wa latas da tumatir ruwa, yara na wanka, Bafillace na shayar da shanu. Ta wannan hanya amai da gudawa da taifot suke komowa gida. Wanda ya ga annobar kwalara ta 2021 ba sai an tuna masa ba.

Mu kanmu a ƙasan wasu muke. Kogin Kano da Kogin Calawa su ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗeja, wanda ya bi ta Wudil, ya shigo mana ta Ringim. Shekara da shekaru ana kuka da ruwan majemun fata na Sharaɗa da Calawa, mai ɗauke da sinadarin kuromiyam, da ke gangarawa kogi. Daga nan kuma ruwan ya nufi Haɗeja da fadamun Nguru, ya haɗu da Kogin Jama'are, har Tafkin Chadi. Wanda ke jin zafin abin da na sama ya zubo masa, bai kamata ya zuba wa na ƙasa ba.

Yaya ake tace irin wannan ruwa? Abuja tana da babbar matata a Wupa, mai injuna da ke cin lantarki dare da rana. A ganina ba ita ce ta dace da mu ba, don kowa ya san halin wutarmu. Akwai hanya mai sauƙi: a haƙa kududdufai uku a jere nesa da gidaje, a daɓe gindinsu da yumɓu don kada su tsiyaye cikin rijiyoyi. Na farko mai zurfi ne, a nan dauɗa take kwanta, ƙananan halittu su cinye ta. Na biyu ya fi faɗi, gansakuka na ba da iska, ruwan ya koma kore, warin ya ragu. Na uku bai da zurfi, don rana ta ratsa shi ta kashe ƙwayoyin cuta, ƙwan tsutsar ciki kuma ya nutse ƙasa. Bayan 'yan makonni ruwan ya isa ban ruwan itatuwa, laka kuma in ta bushe sosai ta zama taki. Fili da rana kawai ake bukata, kuma Allah ya hore mana duka biyun. Sai dai wannan ba ya maganin gubar majema. Ita a ƙofar masana'anta ake tare ta.

Saboda haka muna roƙon hukumar kare muhalli ta jiha, JISEPA, da ƙananan hukumomi su keɓe wa masu kwasa wurin juyewa, duba-gari kuma su sa ido. Kai kuma maigida, kada ka buɗe shaddarka cikin kwata don an yi ruwan sama. In ka kira mai kwasa, kafin ka ba shi kuɗi, tambaye shi inda zai kai.