Ɗorin Kare a Tsakiyar Damina

Likita, ina da karen gadi a gidan gonata. Babur ya buge shi, ƙafarsa ta gaba ta karye. Likitan dabbobi ya ɗora, ya sa auduga da abin tallafe ƙashi, ya naɗe da bandeji, ya ce kada ruwa ya taɓa. To ga shi muna cikin Agusta, kullum hadari, da safe kuma ciyawa sharkaf da raɓa. Sai na zura ƙafar a leda na ɗaure da roba, ba na cirewa dare da rana. Yanzu na fara jin wari, shi kuma ya dage da lasar wurin. Yaron gona ya ce mu kwantar da shi kusa da murhu ɗorin ya bushe. Ina mafita?

Mai karatu daga Samaru, Zariya

Malam, Allah Ya saka maka da alheri bisa tausayin dabbar nan. Amma ka kwance ledar yanzu, ka kai karen wurin likita yau, kada ka bari ya kwana.

Ledar ce ta jawo warin. Kare yana gumi ta tafin ƙafarsa, idan aka rufe ta ruf, gumin ba shi da hanyar fita sai cikin auduga. Fatar da ta kwana biyu a jiƙe takan yi fari ta saki, kamar hannun mai wanki, sai abin tallafin ya riƙa gogar ta har ya buɗe gyambo a inda ido ba ya gani. A damina ƙuda ba ya nisa da irin wannan wari, ƙwansa kuma kan zama tsutsa cikin yini guda. Robar ma abin tsoro ce, don idan ta matse ta tare jini, kare na iya rasa yatsunsa.

Maganar murhu a bar ta. Saman bandejin ne kawai zai bushe, cikin yana nan a jiƙe, ga haɗarin ƙuna. Ɗorin da ya sha ruwa sauya shi ake yi. Kana kusa da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, idan likitanka ba ya nan.

Bayan an yi sabon naɗi, leda ta zama ta fita bayan gida kaɗai: a sa, a riƙe shi da igiya, a dawo, a cire nan take. Ka roƙi likita ledar ƙarin ruwa wadda ta ƙare, ta fi ta kasuwa kauri, farce ba ya huda ta da sauri. A yanke bakinta, a ɗaure da tsumma sakwa-sakwa. Makwancinsa ya zama ƙarƙashin rufi, kan katako ko busasshen buhu, nesa da inda yake fitsari, kwanon ruwansa kuma a kafe shi yadda ba zai kife ba. Yawu ma danshi ne, don haka a sa masa abin wuyan roba mai kama da mazurari.

Safe da yamma ka taɓa yatsun da suka leƙo. Idan ka ji sun yi sanyi, ko sun kumbura sun ware, ko bandejin ya zame, a koma asibiti. Ƙashin babban kare yakan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin ya kama, saboda haka wannan hidima za ta kai ka ƙarshen damina. Allah Ya ba shi lafiya.