Darasi Ga Masu Kiwon Kifi: Ƙwayoyi Masu Amfani Cikin Abincin Kifi

'Yan'uwa manoma, a kiwon kifi abinci ne yake cinye fiye da rabin kuɗin da muke kashewa. In kifi bai yi girma ba, ko ciwo ya kashe shi, kuɗin ƙungiya ne ya bi ruwa, ga kuma bashi a wuyanmu. Yanzu masu sayar da abincin kifi suna tallar wani gari da ake kira furobayotik. Kafin mu saya, ya kamata mu san ko mene ne.

Mene ne shi?

Furobayotik ƙananan halittu ne masu rai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ba dukan ƙwayoyi ne suke kawo cuta ba. Waɗansu ma mun daɗe muna aiki da su. Ƙwayar Lactobacillus tana sa madara ta zama nono. Ƙwayar Bacillus subtilis ita ce take nunar da kalwa ta zama daddawa. Yisti kuwa shi ne yake kumbura burodi. Irin waɗannan ne ake tacewa a sa cikin abincin kifi. A shekarar 2001 masana na Hukumar Abinci da Aikin Gona da na Hukumar Lafiya ta Duniya suka ce, ba za a kira abu furobayotik ba sai yana da rai, an kuma ba da shi daidai gwargwado.

Aikinsu a cikin kifi

Na fari, suna taimakon hanjin kifi wajen narka abinci, don haka abincin da muka zuba yakan fi zama nama. Na biyu, suna tare wuri a hanji, su hana mugayen ƙwayoyi yaɗuwa, kamar Aeromonas mai sa wa tarwaɗa gyambo. Na uku, suna ƙarfafa garkuwar jiki. Gwaje-gwaje a kan tarwaɗa da karfasa sun nuna sau da yawa nauyi yakan ƙaru, mutuwa ta ragu, amma ba a kowace gona ba.

Wannan ya fi mana yawan zuba maganin antibayotik, domin ƙwayoyin cuta sukan saba da shi har ya daina aiki, ga kifi da mutum duka. Shi ya sa Tarayyar Turai ta hana sa shi cikin abincin dabbobi don ƙara girma tun 2006.

Yadda za mu yi

1. Mu duba lambar NAFDAC da ranar da zai lalace. Mu bi awon da aka rubuta a jikin leda.
2. Zafin injin abinci yakan kashe Lactobacillus da yisti. Mu dama garin da ɗan ruwa mai tsabta, mu yayyafa a kan abincin bayan ya huce, mu shanya a inuwa.
3. Kada mu haɗa shi da antibayotik, gama maganin zai kashe shi.
4. Mu ajiye shi a busasshen wuri mai sanyi.
5. Kada mu zuba nono ko daddawa a tafki da sunan furobayotik. Za su ɓata ruwa ne kawai.

Mu tuna, rigakafi ne, ba magani ba. In kifi ya riga ya kamu, a kira malamin gona ko likitan dabbobi. Ba zai kuma ceci kifin da aka cunkushe cikin ruwa mai wari ba.

Mu gwada tukuna

Kuɗin ƙungiya amana ne a hannunmu. Mu ware tafki 2, mu zuba 'ya'yan kifi masu girma ɗaya, adadi ɗaya. Abinci ɗaya ne, sai dai tafki guda a ƙara masa furobayotik. Kowane mako 2 mu auna kifi 20 daga kowane tafki. Sakatare ya rubuta nauyinsu, da buhunan da suka ci, da waɗanda suka mutu. Ranar kamu, littafin zai gaya mana ko ribar ta biya kuɗin garin.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Kifi nawa muka rasa a zubin da ya wuce, me ya kashe su?
2. Wa zai riƙe littafin gwaji?

Allah ya sa albarka a aikin hannuwanmu.