Hattara da Zaftarewar Ƙanƙara a Tsaunukan Alps

Idan hunturu ya kama a Turai, jama'a kan yi tururuwa zuwa tsaunukan Alps, a Faransa da Suwizalan da Austiriya da Italiya, domin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Akwai hanyoyin da aka gyara aka kafa musu alamomi, har ma'aikata kan tashi nakiya da sassafe su zubo da ƙanƙarar da ta taru kafin a buɗe wa jama'a. Amma wasu, musamman samari masu jini a jika, ba su son inda kowa ya taka, sai su ratse su nufi gangaren da babu sawu. Da su muke magana, domin kimanin mutum 100 ke halaka kowace shekara a waɗannan tsaunuka saboda zaftarewar ƙanƙara.

Ka sani, ya kai mai karatu, galibin waɗanda ƙanƙara ta binne, su ne suka tayar da ita da ƙafarsu, ko kuwa wani abokin tafiyarsu. Dusar tana sauka ne hawa-hawa. Wani hawan iska ta danne shi ya yi tauri, na ƙarƙashinsa kuwa garas-garas yake, bai kama komai ba, tamkar tabarmar da aka shimfiɗa bisa geron da ya zube a daɓe. Nauyin mutum guda ya isa ya tsinka wannan hawa, sai faffaɗan ɓangaren gangaren ya ɓalle gaba ɗaya ya tafi da shi. An fi samun haka a gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, wanda kuma, abin takaici, shi ne ya fi daɗin zamiya. In ka ji wani ƙugi can ƙasa-ƙasa a ƙarƙashin ƙafarka, ko ka ga tsaga tana gudu daga bakin katakon zamiyarka, ko ka hango inda ta zafto ba da daɗewa ba, to juya.

Tun 1993 ƙasashen Turai suka daidaita a kan ma'aunin haɗari mai mataki 5, kuma cibiyar bincike ta Davos da ke Suwizalan tana fitar da sanarwar matakin haɗarin safe da yamma. Mataki na 3 shi ne mayaudari. Mutum ya ga lamba a tsakiya ya ce ai da sauƙi, alhali a wannan mataki aka fi asarar rayuka, don a na 5 ba mai fita, a na 3 kuwa kowa na waje.

Wanda aka tono cikin minti 15, kusan tara cikin goma suna rayuwa. Bayan rabin awa, yawancinsu numfashi ya riga ya ƙare, domin da ƙanƙarar ta tsaya sai ta daskare, mutum ko hannu ba ya iya motsawa. A Fabrairun 2012 ta binne Yarima Friso na ƙasar Holan a Lech ta Austiriya. Ya yi sama da minti 20 a ƙasa, bai sake farfaɗowa ba har ya rasu a 2013. Jirgin ceto mai saukar ungulu sau da yawa yakan iso a makare, saboda haka abokin tafiya ne zai tono ka.

Don haka kada a fita sai kowa na ɗauke da abu uku: na'urar gano wanda ya binnu, a kunne kuma a jikinsa, da doguwar sandar caka ƙanƙara, da shebur na ƙarfe. Mallakarsu kaɗai ba ta wadatar ba. A binne jaka da na'ura a ciki, a yi ta gwajin nemo ta har hannu ya saba. A gangare mai shakka a riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya, saura na tsaye a gefe suna kallo, don in ta ɓalle a samu wanda ya ga inda mutumin ya nitse. Lambar neman agaji a Turai ita ce 112. Mutum ɗaya ya kira, sauran su kama nema nan take.