Daga Huhu Zuwa Hanta: Darasi a Kan Mura da Ciwon Hanta

Da zarar hunturu ya kankama a ƙasar Zuru, mura da tari sukan zama ruwan dare. Akasarin jama'a sun ɗauka cewa ƙwayoyin bairos masu haddasa cututtukan numfashi iyakarsu hanci da huhu. Amma annobar korona, wadda ta shigo Nijeriya a watan Fabrairun 2020, ta ƙara tabbatar wa likitoci cewa ɓarnarsu takan kai har ga hanta.

Hakan na faruwa ta hanyoyi uku. Na farko, idan huhu ya kamu sosai, iskar oksijin da ke cikin jini takan ragu, sai hanta ta galabaita. Na biyu, garkuwar jiki takan wuce gona da iri wajen yaƙar cutar, har sinadaran da take fitarwa su kumbura hanta. Na uku, hanta ce ke sarrafa yawancin magunguna. Alal misali, farasitamol yakan zama guba idan babba ya sha fiye da giram 4 a rana, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. Likita yakan gane hanta ta taɓu idan sinadaran ALT da AST suka ƙaru a jini.

Lafiyayyar hanta takan farfaɗo da kanta. Babban haɗarin yana kan mai ciwon hanta nau'in B wanda ya daɗe, wato ƙwayar ta haura wata 6 a jikinsa, musamman idan hantar ta riga ta yi tabo. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kimanin mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, galibi ba da saninsu ba. Haka kuma, magungunan danne garkuwar jiki, irin su dezametazon da ake ba wanda korona ta tsananta masa, suna iya tayar da ƙwayar da ke kwance.

Saboda haka, ya kamata kowa ya yi gwajin jini, ko a babban asibitin Zuru ko a wani na kusa. Wanda aka same shi da ƙwayar ya sanar da likita kafin a rubuta masa magani, ya kuma guji giya da burkutu da jiƙe-jiƙen da ba a san ma'auninsu ba. Idan idanu suka yi rawaya, fitsari ya yi duhu, a garzaya asibiti. Tun 2004 rigakafin nau'in B ke cikin alluran jarirai a Nijeriya, kuma an fi son a yi ta farko cikin awa 24 da haihuwa.

Tambayoyi
1. Ta waɗanne hanyoyi cutar numfashi ke taɓa hanta?
2. Me ya sa mai nau'in B zai sanar da likita kafin ya sha magani?